Tarihin Kincem, Goɗiyar da Ba a Taɓa Tsere Mata Ba

A wannan fitowa tarihin wata goɗiya muka kawo muku.

Kun sani a ƙasarmu ingarma shi ne abin ado. Ranar sallah, in Sarkin Damagaram ya hau, ko Sarkin Kance, ingarmu a ke ɗaura wa sirdi. Su a ke yi wa kiɗa, su a ke yi wa kirari. In an fita sukuwa bayan gari, a Matamaye ko Magarya, sunan ingarma a ke kira. Goɗiya kuwa tana bayan gida ɗaure a turke, ko tana kiwo a gona bayan an kwashe amfani. Ba a cika tunawa da ita ba sai ranar da ta haihu.

To, ga goɗiyar da ta gagari ingarmun ƙasashe biyar. Sunanta Kincem. Mutanen ƙasarta suna rubuta shi Kincsem, ma'anarsa kuwa "dukiyata". Ta shiga tsere sau 54, ta ci sau 54. Ko sau ɗaya ba a tsere mata ba. Cikin irin dawakinta, ba a sami wani ba, namiji ko mace, da ya yi tsere mai yawan wannan har ya gama ba a kayar da shi ba.

An haife ta ran 17 ga Maris 1874 a ƙasar Hungari, cikin tsakiyar Turai. Domin ku gane zamanin, Sarki Tanimun ne ke sarautar Damagaram sa'ad da aka haife ta, shi da ya riƙe ƙasar daga 1851 zuwa 1884. Turawan Faransa ba su kama Damagaram ba sai 1899. Watau labari ne na zamanin kakannin kakanninmu. Duk da haka an san uwarta, an san ubanta, an san kakanninta har baya mai nisa, an kuma san jikokinta har zuwa zamaninmu. Za ku ga yadda aka yi haka ta yiwu.

Akwai sunaye cikin labarin nan waɗanda su ke baƙi a bakinmu. Kada su tsayar da ku. Ku karanta su yadda ya sauwaƙa, ku wuce.

IRIN DA TA FITO CIKI

Kafin mu bi ta filin tsere, sai mu san irin da ta fito ciki. Manomi ya san batun iri. In kaka ta yi, ba kowace zangarniya ya ke ajiye wa baɗi ba. Ya kan zaɓi doguwa mai cikar ƙwaya, ya ɗaure ta dabam. Haka mutanen Ingila suka yi da dawaki, yau shekara fiye da 300. Doki mai gudu su ke so. Sai suka riƙa sayo ingarmu daga ƙasashen Larabawa da Turkawa da arewacin Afirka, suna haɗa su da zaɓaɓɓun goɗiyoyinsu. In an haifi duƙushi ya tasa, sai a gwada shi a fili. Wanda ya yi gudu a bar shi ya yi baye, wanda bai yi ba a ba shi wani aiki.

Sun sayo ingarmu da yawa, amma uku ne zuriyarsu ta wajen uba ta ɗore. Kowanne da sunan mai shi a ke kiransa. Na farko dokin Byerley, dokin yaƙi ne na wani hafsan soja, wajen 1690. Na biyu dokin Darley, wanda wani ɗan kasuwa, Thomas Darley, ya saya a Halab ta ƙasar Sham, ya aika da shi Ingila a 1704. Na uku dokin Godolfin, wanda ya fito ta Tunis, ya biyo ta Faransa, ya isa Ingila wajen 1730. Masu bincike na zamaninmu sun gano cewa kusan 95 cikin 100 na dawakin wannan iri, in aka bi uba da uban uba, ga dokin Darley a ke ƙarewa.

A 1791 wani mutum mai suna James Weatherby ya fara fitar da littafin asalin waɗannan dawaki. Har yanzu ana ci gaba da shi. Dokin da uwarsa da ubansa ba sa cikin irin wannan littafi ba a lissafa shi cikinsu, kome gudunsa. Su ne a ke ce wa dawaki masu tsantsar jini.

Ku lura da yadda aka tsara littafin. Da sunan goɗiya a ke buɗe kowane wuri. A rubuta sunanta da na iyayenta, sa'an nan a jera ƴaƴanta a ƙarƙashi, kowanne da shekarar haihuwarsa da launinsa da sunan ubansa. Larabawan daji ma, masu dawakin asali, ta wajen uwa su ke lissafa dangin doki. Dalilin a fili ya ke. Kowa ya ga goɗiyar da ta haifi duƙushi. Batun uba kuwa sai an tambayi wanda ya kai ta baye.

KAKANNINTA NA WAJEN UBA

Kamar yadda maroƙi ke jera kakannin basarake, haka a ke jera na Kincem. Ita ƴar Cambuscan ce, ɗan Newminster, ɗan Touchstone, ɗan Camel, ɗan Whalebone, ɗan Waxy, ɗan Potoooooooo, ɗan Eclipse, ɗan Marske, ɗan Squirt, ɗan Bartlett's Childers, ɗan dokin Darley. Ku ƙidaya, za ku sami uba 12, daga nata har zuwa dokin da aka saya a Halab.

Wannan suna mai tarin harafin o ba kuskuren ɗab'i ba ne. Sunan dokin dankali ne da Ingilishi. Ana ba da labari cewa yaron doki aka sa ya rubuta, shi kuwa ya jera o har guda 8. Mai dokin ya yi dariya, ya ce a bar shi haka.

Biyu daga cikin kakannin nan sun isa a tsaya a kansu. Na farko Eclipse, watau Husufi, domin a shekarar da rana ta yi husufi aka haife shi, 1764. Ya yi tsere 18, ya ci 18. Da masu dawaki suka daina yarda su kara da shi, sai aka mai da shi baye. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Waxy ya ci babban tseren Darbi na Ingila a 1793, ɗansa Whalebone ya ci shi a 1810. Touchstone ya ci wani babban tsere a 1834, ɗansa Newminster ya ci wannan tseren a 1851.

Na biyu Bartlett's Childers, wanda aka haifa a 1716. Shi bai taɓa shiga tsere ba. In ya yi gudu sosai sai ya yi haɓo. Ɗan'uwansa, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne gwanin zamaninsa. Amma da aka bar mai haɓon ya yi baye, ta wajensa aka sami Eclipse. Wannan ya nuna muku cewa jini ya kan ɓuya cikin dabbar da ba ta yi suna ba, ya fito ga jikokinta.

Cambuscan, uban Kincem, a bargar Sarauniya Biktoriya ta Ingila aka haife shi, a 1861. Ya yi tsere, ya ci wasu, amma bai ci manyan ba. A farkon shekarun 1870 aka sayar da shi, aka kai shi bargar gwamnatin Hungari a garin Kisbér, inda masu goɗiyoyi ke kawo nasu baye.

KAKANNINTA NA WAJEN UWA

Uwarta sunanta Water Nymph, kamar a ce Ƴar Ruwa. A Hungari aka haife ta, a 1860. Tana hannun wani mai gonaki da dawaki, Ernő Blaskovich. Uwar Ƴar Ruwa daga Ingila aka kawo ta, ubanta kuwa wani sanannen ingarma ne mai suna Melbourne. In aka bi kakannin Melbourne, uba bayan uba, ga dokin Godolfin a ke ƙarewa, wancan da ya fito ta Tunis.

A nan labarin ya matso kusa da gida. Masu tarihi sun rabu a kan dokin Godolfin, wasu sun ce Balarabe ne, wasu sun ce irin dawakin arewacin Afirka ne. To, dawakin arewacin Afirka su ne fatake suka yi ta ƙetaro Sahara da su zuwa ƙasashenmu. Wani matafiyi mutumin Fas, Hasan al-Wazzan, ya rubuta shekara wajen 500 da suka wuce cewa Sarkin Barno ya kan ba da bayi 15 ko 20 a bakin doki ɗaya daga arewa. Jinin waɗannan dawaki yana cikin namu. Tsofaffi har yanzu suna ambaton ɗan Bagazam, dokin duwatsun Abzin, wanda sarakuna ke nema ido rufe. Saboda haka Kincem ba bare ba ce sosai ga dokin da ke turkenku. Bambancin shi ne, nata irin an zaɓe shi don gudu kaɗai. Namu kuwa ya saba da rana da ƙishirwa da doguwar tafiya, abin da nata ba zai jure ba.

Masu ba da labarinta sun ce haihuwarta ma da kuskure ta zo. Wai ga wani ingarma mai suna Buccaneer aka yi niyyar kai Ƴar Ruwa, sai aka sami ruɗani a barga, aka kai ta ga Cambuscan. Bayan wata 11, kamar yadda cikin goɗiya ya ke, aka haifi duƙusa.

DUƘUSAR DA AKA RAINA

Ja ce mai duhu, kamar launin hanta, babu fari a jikinta. Doguwa ce siririya, mai dogon wuya. Da ta gama girma, tsayinta daga ƙasa zuwa kan kafaɗa ya kai mita 1 da santimita 65, watau ta fi yawancin dawakinmu tsayi. Tana ƙarama ba ta da abin ɗaukar ido.

Da ta shekara ɗaya, Blaskovich ya sa duƙusansa na wannan shekara a kasuwa gaba ɗaya. An ce wani basarake mai kuɗi ya zo ya duba su, ya ɗauki sauran, ya bar biyu, ya ce ba su yi masa kama da ƴaƴan asali ba. Kincem tana cikin biyun da aka bari. Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido. Mai sayen ya dubi jiki, bai dubi abin da ke bayan jikin ba.

Da ta rasa mai saye, sai mai ita ya kai ta wurin horo a garin Göd, bakin kogin Danub, arewa da babban birninsu Budafes. Mai horon mutumin Ingila ne da ya zauna a Hungari, sunansa Robert Hesp. Mahayin da ya hau ta a yawancin tserenta shi ma mutumin Ingila ne, sunansa Madden.

YADDA A KE TSERE A CAN

Tserensu ya ɗan bambanta da sukuwarmu. Filin mai ciyawa ne, an auna tsawonsa. Kafin a tashi, sai a ɗora mahayi da sirdinsa bisa sikeli, domin kowane doki akwai nauyin da aka ƙayyade masa. In mahayi bai kai ba, sai a cika da dalma cikin kayan sirdi. A wasu tsere, dokin da ya saba ci ƙara masa nauyi a ke yi, don a rage masa fifiko. Alƙali yana wurin ƙarewa, hancin da ya fara wucewa shi ya ci. Sa'an nan a rubuta kome: rana, wuri, tsawon fili, nauyi, da tazarar da na ɗaya ya ba na biyu. Da tsawon jikin doki su ke auna tazarar.

SHEKARA HUƊU A FILI

Ta fara tsere tana shekara 2, cikin watan Yuni 1876, a Balin ta ƙasar Jamus. Ta ci. A wannan shekara aka yi ta yawo da ita cikin jirgin ƙasa, gari gari, a Jamus da Ostiriya da Hungari. Ta yi tsere 10, ta ci duka.

A 1877 tana shekara 3. Wannan ita ce shekarar gwaji ga irin dawakinta, domin akwai manyan tsere da ba a shiga sai da shekara 3 cif. Doki sau ɗaya ya ke samun wannan dama a rayuwarsa. Wasu na mata ne kaɗai, wasu na kowa. Kincem ta ci na mata, ta koma ta ci na maza. Ta ci Darbi na Ostiriya a Biyana, mai tsawon mita 2,400. Ta ci babban tseren Baden-Baden a Jamus. Kafin shekara ta ƙare ta yi 17, ta ci 17. A lokacin Ostiriya da Hungari sarki ɗaya gare su, Firans Yosef, an ce shi ma ya kan zo kallo, ya taya mai ita murna.

A 1878 aka yi shawarar kai ta inda irinta ya samo asali. Mutanen Ingila suna ganin babu dawaki kamar nasu. Aka sa ta a jirgin ƙasa, aka sa ta a jirgin ruwa, ta ƙetare teku. A farkon Agusta ta shiga tseren kofin Goodwood, mai tsawon wajen kilomita 4. Dawaki biyu kaɗai suka fito mata. Ta wuce na biyu da tsawon doki 2. Jinin da aka sayar daga Ingila ya dawo ya ci su a gida.

Daga nan ta ƙetara Faransa, ta ci babban tseren Deauville. Sa'an nan ta wuce Baden-Baden, duk cikin ƴan makonni. A nan ne saura ƙiris tarihinta ya canza. Ga gajiyar hanya, ga nauyi a bayanta. Wani ingarma mai suna Prince Giles ya manne mata har wurin ƙarewa. Alƙali ya duba, ya ce sun yi kunnen doki. A ƙa'idar lokacin, ko dai masu dawakin su raba kuɗin, ko a sake. Da an raba, da ba a ce an kayar da ita ba, amma da an ce akwai wanda ya yi daidai da ita. In kuwa aka sake ta faɗi, sunan da ta tara cikin shekara uku ya tafi. Aka zaɓi a sake. A ranar suka koma fili su biyu, ta bar shi a baya da tazara mai yawa. Ta rufe shekarar da tsere 15, ci 15.

A 1879 tana shekara 5. Yanzu kowa ya san ta, sai aka yi ta ƙara mata nauyi, har akwai ranar da ta ɗauki fiye da kilo 70. A wasu wurare kuma babu wanda ya yarda ya sa dokinsa, sai ta zaga fili ita kaɗai don a cika ƙa'ida. Ta ci tseren Baden-Baden karo na uku a jere. Tserenta na ƙarshe a Budafes ta yi shi, cikin Oktoba. Ga lissafin duka:

1876, tana shekara 2: tsere 10, ci 10.
1877, tana shekara 3: tsere 17, ci 17.
1878, tana shekara 4: tsere 15, ci 15.
1879, tana shekara 5: tsere 12, ci 12.
Jimla: tsere 54, ci 54.

Ta ci gajeren tsere wanda bai kai kilomita 1 ba, ta ci dogo na kilomita 4. Yawancin dawaki ɗaya su ke iyawa, ko gudun farat ɗaya ko juriya. Ita ta haɗa biyun. Wadda ke bin ta cikin dawakin wannan iri da ba a taɓa kayarwa ba, ita ma goɗiya ce, Black Caviar ta ƙasar Ostireliya, wadda ta yi tsere 25 daga 2009 zuwa 2013. Ku duba, bai kai rabin na Kincem ba.

HIRAR DA A KE YI A KANTA

Duk wanda ya yi suna, hira ta kan taru a kansa. Mutanen Hungari suna cewa tana da kyanwa wadda ba ta tafiya sai da ita. Wai wata rana a bakin teku kyanwar ta ɓace, goɗiya ta kafe ta ƙi motsi sai da aka gano ta. Suna cewa tana da yaron doki mai suna Frankie, ba ta yarda da kowa kamarsa, har daga baya ya riƙa kiran kansa Frankie Kincem. Suna kuma cewa ba ta cin hatsi ko ciyawa sai na gida, ba ta shan ruwa sai na gida, saboda haka da guzurinta a ke tafiya. Wai a Baden-Baden ruwan ya ƙare, ta ƙi sha, sai da aka sami wata rijiya mai ɗanɗano irin na garinsu.

Hira ce, amma mai doki ya san akwai gaskiya a gindinta. Doki dabba ce mai sabo. Ba ya son a canza masa abinci ko ruwa farat ɗaya, ba ya son hannun baƙo. Goɗiyar da ta yi shekara huɗu tana yawon ƙasashe ba ta taɓa faɗuwa ba, lalle akwai masu tsaye a kan cinta da shanta dare da rana. Asali kaɗai ba ya kai doki wurin ƙarewa.

ƳAƳANTA DA JIKOKINTA

Da ta bar tsere, aka mai da ita haihuwa. Ta haifi ƴaƴa 5, mata uku, maza biyu. Uku na farko Buccaneer ne ubansu, ingarman nan da aka ce shi aka nufa da uwarta. Ƴarta ta fari, Budagyöngye, ta ci Darbi na Jamus a 1885, ita ma a gaban maza. Ta biyu ta ci ɗaya daga manyan tseren Hungari. Na uku namiji ne, ya haifi wani gwani mai suna Tokio. Na huɗu ya zo na biyu a Darbi na Ostiriya, ya mutu da ƙuruciya. Ta biyar mace ce, an haife ta a 1887.

Ba a daɗe da wannan haihuwa ba ciwon ciki ya kama Kincem. Ta mutu ran 17 ga Maris 1887, ranar da ta cika shekara 13 daidai. Mai horonta Robert Hesp ya bi ta bayan kwana 39.

Ciwon cikin nan ku san shi, domin yana kashe dawaki a ko'ina. Doki ba ya iya amai, abin da ya shiga cikinsa sai ya wuce ta hanji. Canjin abinci farat ɗaya yana kawo shi, haka harawa ko dusa mai fumfuna, da tsutsar ciki, da ƙarancin ruwa. A ƙasa mai rairayi irin tamu, dokin da a ke zuba wa abinci a ƙasa ya kan haɗiye yashi, ya taru a hanjinsa. In kun ga doki ya ƙi ci, yana waiwayen cikinsa, yana tonon ƙasa da kofato, yana kwanciya yana birgima, ku ɗauke abinci daga gabansa, ku nemi likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba.

Ta wajen ƴaƴanta mata zuriyarta ta yaɗu. Yaƙin duniya biyu sun bi ta kan Hungari, dawaki da yawa suka salwanta. Amma jikokinta mata sun riga sun bazu wasu ƙasashe, kuma sunan kowace yana rubuce. A 1974, shekarar da Seyni Kunce ya hau mulkin Nijar, shekara 100 cif bayan haihuwar Kincem, wata duƙusa daga zuriyarta mai suna Polygamy ta ci babban tseren mata na Ingila. A 2012 wani duƙushi mai suna Camelot ya ci Darbi na Ingila da na Ailan. In aka bi uwarsa, da uwar uwarsa, ana ta komawa baya, sai a iske Kincem.

Mutanen ƙasarta ba su manta da ita ba. Babban filin tsere na Budafes sunanta ya ke ɗauke da shi. Ƙasusuwanta suna ajiye a gidan tarihin noma na birnin. A 2017 sun yi fim a kanta.

ABIN DA YA SHAFE MU

Ba dokin tsere irin na Turai mu ke kiwo ba, kuma ba shi ya dace da ƙasarmu ba. Amma ƙa'idar iri ɗaya ce, ko ga doki, ko ga saniya, ko ga akuya. A Tukunus, kusa da Filinge, da haka aka zaɓi irin shanun Azawak. A Maradi da haka aka zaɓi irin jar akuya. Ma'aikata suna bin uwa da uba, suna rubutawa.

Ingarma ɗaya yana iya baye goɗiyoyi da yawa cikin shekara. Goɗiya kuwa ɗa guda ta ke haifa, shi ma bayan wata 11. Kincem duk rayuwarta 5 ta haifa. Saboda haka goɗiya ta gari ta fi ingarma wuyar mayarwa. In shekara ta yi tsanani, dole ta sa a fitar da dabba kasuwa, ku yi tunani kafin ku kwance uwar garke. Ranar da ta bar gida, irin ya bar gida.

In za ku sayi duƙushi, kada ku tsaya ga launi da ƙiba. Ku tambayi uwarsa. Wace ce? Me ta haifa a baya? Ƴaƴan suna ina, yaya suka zama? In za ku kai goɗiya baye, ku zaɓi ingarman da kuka san aikinsa da lafiyarsa, kada ku bar ta ga duk wanda ta gamu da shi a kiwo. Goɗiya mai ciki da mai shayarwa ku ware mata harawa da dusa da kanwa da ruwa mai tsabta, kamar yadda ku ke ware wa dokin hawa.

Sa'an nan ku ware shafi ɗaya a littafinku. Ku rubuta sunan goɗiya a sama, da launinta, da wurin wanda aka samo ta. A ƙarƙashi ku sa watan da aka kai ta baye da sunan ingarma da mai shi. In ta haihu ku sa rana, ku sa ko namiji ne ko mace. Da irin wannan shafi littafin Weatherby ya fara. Dattawanmu da yawa sun san asalin dawakin garinsu da ka, har kaka uku ko huɗu. Ku zauna da su tun suna nan, ku tambaye su, ku rubuta abin da suka faɗa.

Mu kwana nan. Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.